Zagaye Bakwai a Kan Rairayi

Litinin, 13 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Na sayi kaye da bik na rubutu a kantin da ke ƙasan benenmu. A aji biyar na bar lekol, hannuna ya fi sanin manjagara. Amma tun da Hamdiya, matar Yaya Illiassou, ta kira ni daga Pari, yau kwana tara, magana ta cika mini ciki kuma ba inda zan zuba ta. Mu uku ne a ɗaki, kowa da tasa damuwar.

Yaya yana kwance. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Inna ba ta sani ba. Tana Damagaram da hawan jininta, mun ce a jira ya ɗan ji sauƙi tukuna.

Aikina a bakin tabkin Miribel ne, gaba da Vaulx-en-Velin kaɗan. An zuba rairayi a gaɓa, Turawa su zo su baje a kai kamar kifin da aka shanya. Mu muna zuwa ƙarfe shida, kafin su. Tarakta ta bi tsakiya, ni in bi gefe da manjagara, in tsince guntun sigari da murfin kwalba, in daidaita ƙasa. Shef ɗinmu Nassim, shugaban aikin, ya ce yana son rairayin ya kwanta kamar gadon otel. Ni da na fito daga garin da rairayi ke shiga tuwo, yau ni ne mai taje shi.

A ƙarshen gaɓa, inda agwagi ke kwana, na tarar da wata tsohuwa ta zana wani abu a ƙasa da sandarta. Babba ne, ya kai faɗin ɗaki biyu, zagaye cikin zagaye kamar faifan da Inna ke saƙawa. Ta cire takalmi tana tafiya a ciki sannu, kai a ƙasa. Na jira ta gama. Da ta tafi na goge.

Laraba, 15 ga Yuni, ƙarfe goma, hutun shan kafe

Tsohuwar ta dawo. Sunanta Madam Najla, iyayenta ƴan Tunis ne, ita a unguwar Minguettes ta girma. Na tsaya ina kallon yadda take farawa, sai na ga ta ja giciye a tsakiya. Na ce a raina ko tsafi ne ko abin egiliz, wato coci. Ta dubi fuskata ta yi dariya, ta ce ita ma da alwalarta ta fito, giciyen ma'auni ne kawai, kamar igiyar magini.

Ta ce sunan abin labirint. Ba a ɓata a ciki, hanya ɗaya ce tak ba rassa, ta kai ka tsakiya ta dawo da kai. Na ce to mene ne amfanin wahalar, ga tsakiya nan taku huɗu in mutum ya tsallaka layi. Ta ce kowa haka yake cewa ranar farko.

Ta ce in shiga kafin in goge. Na ce ina bakin aiki.

Na goge.

Alhamis, 16 ga Yuni, la'asar

Hamdiya ta kira. Ba canji.

Juma'a, 17 ga Yuni, bayan masallaci

Zafi yau kamar na gida, sai dai babu inuwar dalbejiya.

Kamar kowace Juma'a na tura wa Inna vokal, saƙon murya, da safe ta wayar Husainatu, ƙanwarmu, ita ke riƙe mata waya. Amsa ta zo: mai agwagi, ya aiki, kana cin abinci kuwa, kar ka sha ruwan sanyi da gumi. Mai agwagi take ce mini saboda kullum a bakin tabki nake yin vokal, tana jin su a bayana. Ba ta tambayi Yaya ba. Da ma ba ta tambaya.

Yaya ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Wancan take cewa, ko yayanku. Wannan kunya ce, kowa ya san ta, ba ita ce matsalar ba. Matsalar shekara biyu gare ta. Da Baba ya rasu, Yaya yana da takardun zama, zai iya zuwa, bai zo ba. Lokacin ya samu sabon aiki a shantiye, wurin gini, ya ce in ya tafi wani za a ɗauka. Wannan Inna za ta iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne da ya ce mata a waya, ko na zo ba zan tashe shi ba. Ta miƙa wa Husainatu wayar, ta ce kar wancan ya ƙara kiranta. Shi kuma kan Baba gare shi, bai ƙara ba.

Yau na shiga zanen. Madam Najla ta tafi, Nassim yana can nesa. Na cire bot, takalmin aiki. Rairayin safe yana da sanyi a tafin ƙafa. Da shigarka sai ka ga kamar ka kusa, sai hanyar ta juya ta fitar da kai baya, ta ƙara fitar da kai, har ka samu kanka a zagayen ƙarshe, kafaɗarka na shafar waje. Can gaba kuma ta kawo ka dab da tsakiya, layi ɗaya tsakaninku, ta sake janye ka. Zagaye bakwai ne. Taku ɗari biyu da sha ɗaya, na ƙirga. A tsakiya ba komai, sawun tsohuwa kawai. Na tsaya, ban san me ake yi ba, na karanta Fatiha na fito.

Na goge.

Lahadi, 19 ga Yuni, rana

Ba canji.

Talata, 21 ga Yuni, Stains, ƙarfe biyar na yamma

Jiya daga aiki na hau kar, babbar motar fasinja, awa shida da rabi har Pari, daga nan sai Stains, unguwar su Yaya. Yau da hantsi muka je lopital, asibitin da yake kwance, ni da Hamdiya.

Sai ka wanke hannu da wani ruwa mai warin giya, ka sa riga ta takarda. Ɗakin yana da sanyi. An aske wa Yaya gemu, gemun da ya fi son sa da kowa. Hannunsa ya yi laushi, kantar siminti duk ta tafi, kamar hannun ɗan lekol. Akwai inji gefen gado da ke hurawa yana saki, ƙirjinsa na bin sa. Sama da kansa akwai ekaran kamar na talabijin da lambobi. Ta kore ita ce ta zuciya, na tambaya. Saba'in, saba'in da ɗaya, saba'in. Na zauna awa biyu ina kallonta don ban iya kallon fuskarsa ba.

Da can in na zo gidan nan, Hamdiya daga ƙofa take fara tsokana, ga ƙaramin maigida ya zo cinye mana shinkafa. Yau ta zuba mini abinci ba tsokana. Sai da na gama ta ce ita ba abin da ke hana ta sukuni kamar maganar Inna. Ta ce Baban Kausar, haka take kiran Yaya da sunan ɗiyarsu, ya sha ɗaukar waya ya nemo lambar Husainatu, ya yi ta kallo, ya ajiye. Ta ce mutum ya kwanta haka uwarsa na riƙe da shi a zuciya, ina zai dosa? Ta ce, Salim, kai take ji, ka san yadda za ka yi.

Ta ba ni wayarsa, ta ce ba ta iya jin ta tana ƙara a gidan. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Akwai farar ƙurar siminti a ramin caji.

Alhamis, 23 ga Yuni, ƙarfe goma

Yanzu Madam Najla tana bar mini zanen, ta ce naka ne, shiga sannan ka yi aikinka. Yau ta zauna a kan kututture tana share ƙafa, ta ce fuskata ta mai jinya ce. Shekara talatin ta yi tana aikin infirmiya, kula da marasa lafiya a lopital, ta ce daga nesa take gane mu, muna tafiya kamar masu ɗauke da kwanon ruwa cike.

Ban faɗa mata duka ba. Na ce yayana ne, kuma ba ya magana.

Ta ce in riƙa yi masa magana duk da haka. Ba wanda zai rantse mini yana ji, amma a abin da ta gani, kunne ne ke rufewa daga ƙarshe. Ta ce a kawo masa muryar da ya fi so.

Muryar da ya fi so.

In na faɗa wa Inna gaskiya, jininta zai hau, in rasa biyu. In ban faɗa ba, ba za ta buɗe baki ba. Na zagaya da wannan taku ɗari biyu da sha ɗaya, na isa tsakiya da shi, na fito da shi.

Juma'a, 24 ga Yuni, ƙarfe ɗaya

Na yi wani abu.

Tun muna yara mutane ba su bambanta muryata da ta Yaya daga bayan katanga. Na san yadda yake gyara murya kafin ya yi magana, na san yadda yake cewa to, to, sau biyu, na san yadda haƙorinsa da ya karye ke sa iska ta fito. Da safe na koma bayan bishiyoyi da wayarsa, na gwada sau shida, na bakwai na tura wa Husainatu. Na ce, Inna, ni ne, na yi kuskure, maganar da na faɗa ranar Baba ta fi ƙarfin bakina, ki yafe mini don Allah.

Ai abin da ke zuciyarsa ne. Hamdiya ta ce yana ɗaukar wayar. Ni dai na ƙarasa masa. In ta amsa da na yafe, in kai masa a kunne, shi ke nan, ba wanda jininsa ya hau.

Ban shiga zanen ba yau. Na tsallaka ta kai da manjagara.

Asabar, 25 ga Yuni, yamma

An saurara, alamar ta yi shuɗi. Ba amsa.

Lahadi, 26 ga Yuni, yamma

Amsa ta zo wayarsa. Daƙiƙa bakwai. Muryar Inna a bushe: a gaya wa wancan ƙofar gidan ubansa ba ta da kuba. In yana da magana ya zo Layya ya faɗa da bakinsa.

Layya saura kwana goma sha uku.

Na sake yin wani. Na ce to, to, Inna, ina neman biyen jirgi, in Allah ya so zan zo, amma ki fara cewa kin yafe, hankalina ya kwanta. Da la'asar Husainatu ta kira ni a tawa wayar, tana murna wai Yaya ya sauko. Ta ce sai dai Inna ta sa an maimaita mata sau biyu, ta ce kashe, ta shiga ɗaki, ba ta ci tuwon rana ba.

Talata, 28 ga Yuni, Stains, ƙarfe shida na yamma

Yau ba a tsaye a korido likita ya yi mana magana ba. Ya kai mu wani ƙaramin ɗaki mai kujeru masu laushi, da kwalin hankici na takarda a tsakiyar tebur, an riga an zaro na farko ya leƙo. Da na ga wannan kwalin na gane, tun kafin ya buɗe baki. Ya yi magana a hankali, yana duban Hamdiya yana duba na. Faransancina na aiki ne, amma na ji kalmar kwanaki. Ya ce in akwai dangi na nesa da ya kamata su sani, yanzu ne.

A cikin bis na faɗa wa Hamdiya abin da na yi. Na zaci za ta ce na kyauta. Muka wuce tasha uku. Sannan ta ce, a hankali don kar mutane su ji, yafiyar da aka samo da ƙarya wa za ta yi wa amfani? Ta ce ko Inna ta ce na yafe, ni ta yafe wa, ba shi ba. Ta ce, na ce ka san yadda za ka yi, ban ce ka sa rigarsa tun yana numfashi ba.

Ba ta zuba mini abinci ba. Ta nuna mini tukunya.

Alhamis, 30 ga Yuni, safe

Shiga, fita, gogewa. Ba canji. Ba amsa daga gida.

Juma'a, 1 ga Yuli, ƙarfe goma

Madam Najla ba ta zo ba. Na duba hanyar parkin ɗin motoci har ƙarfe bakwai saura.

Na ce bari in zana da kaina, ai na gani fiye da sau goma. Na juya manjagara na yi da ƙotar. Giciye, kusurwa huɗu, ɗigo huɗu, sannan a riƙa haɗa baki da baki ana zagayowa ta sama. Ya fito da kyau a ido. Na cire bot na shiga. Zagaye na uku sai na ci karo da layi a gabana, hanya ta toshe. Ga tsakiya ina gani, ba ƙofa ko ta ina.

Nassim ya zo a kan tarakta ya same ni tsaye ba takalmi. Ya ce, Nijar, ka buɗe makarantar zane ne, ko taska kake nema? In ka samu mu raba. Na ce masa ɓata na yi. Ya yi dariya har ya buga sitiyari, ya ce mutumin Sahara ya ɓata a rairayin da bai kai filin wasan pétanque ba. Da ya ga ban yi dariya ba ya kashe inji, ya ce, sa ba, wato lafiya dai? Na ce sa ba. Ya ce in ina son kwanaki in faɗa, zai san yadda zai yi da planin, jadawalin aiki.

Ban tura wa Inna vokal ɗin Juma'a ba. Ban san da wace murya zan yi ba.

Lahadi, 3 ga Yuli, hantsi

Madam Najla ta dawo, gwiwa ce ta dame ta. Na zana mata ƙarami a gefe, na ce ta nuna mini inda na yi kuskure. Ta bi da yatsa, ta tsaya a ɗigo na biyu. Ta ce ka tsallake wannan, ka ga na gaba ya fi kusa ka haɗa da shi. Na ce ba a gyarawa? Ta ce ita dai ba ta san yadda ake gyarawa ba, shekara takwas tana yi, in ta tsallake ɗaya gogewa take ta sake daga giciye.

Ban ba ta labarin vokal ɗin ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Ta ba ni dabino biyu daga aljihunta.

Hamdiya ta ce ƙafafunsa sun fara kumbura.

Litinin, 4 ga Yuli, cikin kar, ƙarfe uku

Wata guda cif.

Da safe na shiga zanen da waya a hannu. Na ce in na isa tsakiya zan kira, kafin nan ba sai na yi tunani ba, ƙafa kawai. Na yi tafiyar a hankali fiye da kullum. Hanya ta kawo ni dab, ta janye ni, na ji daɗin janyewar. Amma ta ƙare.

A gida ƙarfe shida ne, sun idar da salla. Na ce Husainatu ta zauna kusa da Inna, ta ajiye maganinta a hannu, sannan ta ba ta. Mun gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya jiki. Na ja gaisuwar har ta ƙare mini.

Na ce, "Inna, vokal biyun nan da suka zo daga lambar Yaya."

Ta ce, "Kai ne. Na sani."

Ta ci gaba.

"Tun yaushe Pari ta yi agwagi? Shekara biyu kana turo mini kukansu duk Juma'a. Kuma ko babu agwagi, ni na haife ku. Wancan in zai roƙi abu sai ya tsaya a tsakiya kamar mai haɗiyar ƙashi. Kai ka zuba kamar mai karanta takarda."

Ta ce ba ƙaryata ce ta ƙona ta ba, ni yaro ne, an sa ni. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne wancan ya yi girman da ko gafarar uwarsa sai ya yi aike. Ta ce da ta fara saukowa da kanta, tana cewa in Layya ta zo za ta sa a kira shi, sai ga wannan.

Na ce, "Bai aike ni ba, Inna. Bai san na yi ba."

"To wayarsa me take yi a hannunka?"

Na faɗa mata. Lopital, wata guda, ba ya buɗe ido, inji ke yi masa numfashi, abin da likita ya ce a ƙaramin ɗaki. Na faɗa duka a jere, ban tsallake ko ɗaya ba. Na ce an ce kunne ne ke rufewa daga ƙarshe.

Ina jin zakaran maƙwabta, ina jin wata na daka can nesa. A nan kuma agwagi, kamar an aiko su.

Ta ce, "Wata guda. Kuka bar ni ina fushi da wanda ke kwance."

Sai muryar Husainatu, tana kuka, ta ce za ta kira ni. Ba ta kira ba.

Nassim ya ba ni kwana huɗu. Shi ya goge zanen yau, da tarakta.

Talata, 5 ga Yuli, lopital, ƙarfe huɗu

Wayoyi biyu a kan gwiwata tun safe. Ba komai. Husainatu ta rubuto cewa Inna ta sha magani, jinin ya hau ya sauka, tana kan tabarmar salla ba ta yi wa kowa magana.

Na yi masa magana da tawa muryar. Na faɗa masa abin da na yi. Da yana ji da ya tashi ya mare ni.

Saba'in. Sittin da tara. Saba'in.

Laraba, 6 ga Yuli, lopital, ƙarfe ɗaya na rana

Vokal ɗin Inna ya zo ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, a wayarsa. Husainatu ta ce Inna ta sa ta nuna mata inda ake dannawa, sannan ta kori kowa daga ɗaki ta ja ƙofa. Ba wanda ya ji abin da ta ce.

Daƙiƙa goma sha tara. Ban saurara ba tukuna, ba nawa ba ne. Hamdiya ta gyara masa matashi, na kawar da tiyon numfashi kaɗan, na ɗora wayar a kunnensa na dama, na ƙara murya. Na dubi lambar kore. Saba'in da ɗaya.

Da farko numfashi kawai, mai tsawo. Sannan ta kira shi. Ba yadda aka rubuta a takardun Turawa ba, yadda liman ya raɗa masa.

"Ilyasu."

Hamdiya ta kama bakinta da hannu biyu.

"Ilyasu. Ilyasu, ni ce. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Shekara talatin da huɗu sunan nan na cikin bakinta ba ta fito da shi ba. Ya fito kamar sabon takalmi, bai saba da harshen ba.

Fuskarsa ba ta motsa ba. Yatsa bai motsa ba. Lambar ta koma saba'in da huɗu, ta ɗan tsaya, ta sauko.

Na fita na sami infirmiya a korido, na ce mata lambar ta tashi da uku. Mutuniyar kirki ce, ta dafa mini hannu. Ta ce tana iya yiwuwa. Ta ce amma ba za ta ɓoye mini ba, lambar tana yin haka ko ƙofa aka buɗe, ko an juya shi. Na yi ta tunani ko an buɗe ƙofa lokacin. Ni da nake ganin komai, guntun sigari a cikin rairayi daga taku goma, ban san ko an buɗe ƙofa ba.

Mun sake sa masa sau huɗu. Saba'in da ɗaya. Saba'in da ɗaya. Saba'in. Saba'in.

Alhamis, 7 ga Yuli

Ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 9 ga Yuli, Stains, rana

Layya. Mutanen Damagaram da ke nan sun cika falo, Alhazai a kan kujeru, mu a ƙasa. Kowa ya shigo sai hanƙuri, sai hanƙuri. Maƙwabta sun aiko da nama, yana cikin firijo ba wanda ya taɓa. An ce sai Litinin takardu za su fito a rufe shi, a ɓangaren Musulmi.

Hamdiya ta zuba mini shinkafa da hannunta. Ta ce ci, ƙaramin maigida. Sai muka kasa duban juna.

Laraba, 13 ga Yuli, ƙarfe goma, hutun kafe

Na koma aiki. Madam Najla ta dube ni sau ɗaya, ba ta tambaya ba. Ta miƙo mini sandarta ta zauna a kan kututture. Na ja giciye, kusurwa huɗu, ɗigo huɗu, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya fito daidai. Yanzu da ba shi da amfani, ya fito daidai.

Ina cikin zagaye na biyar waya ta yi ƙara. Husainatu, ta ce Inna ke son magana. Tun ranar Litinin waccan ba ta yi mini magana ba, ko ranar rasuwa ta bakin Husainatu muka yi gaisuwa. Ban tsaya ba, na ci gaba da tafiya da waya a kunne. Ta ce ya hanƙuri, na ce hanƙuri sai ma'aiki. Ta tambayi Hamdiya da ɗiyar. Ta tambaya ko an samu mutane a jana'iza, na ce sahu huɗu. Na iso tsakiya.

Ta ce, "Wancan ya ji?"

Ta koma wancan.

Bakina ya riga ya shirya cewa ya ji, Inna. Yana nan a kan harshe, taku huɗu. Na haɗiye.

"Ban sani ba, Inna. Akwai wata lamba da ke ƙirga bugun zuciya. Kafin muryarki tana saba'in da ɗaya. Da kika yi magana ta koma saba'in da huɗu."

Na ji tana ƙirgawa a ranta, Inna ba ta yi lekol ba amma ba a cutarta a kasuwa.

Ta ce, "Uku."

Na ce uku.

Ta ce, "Sau uku na kira shi."

Ta ce in ci abinci, kar in sha ruwan sanyi da gumi. Ta miƙa wayar.

Maganar ƙofa ba ta tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Ban sani ba ko wannan ma tsallake ɗigo ne. Na tsaya a tsakiya har Nassim ya yi mini fito daga nesa, motocin farko sun fara shigowa parkin. Na fito ta inda na shiga, taku ɗari biyu da sha ɗaya, na sa bot.

Na goge.